Ƙarfen Gaba da Ƙarfen Gefe a Hanyoyin Gwandu da Kalgo

 Sharhinmu na yau yana kan ƙarafan da masu motoci ke ƙara wa motocinsu bayan sun baro kamfani, musamman manyan motocin nan masu ja da ƙafa huɗu da ke shiga daji da fadama.

Wanda duk ya tsaya a mararrabar Kalgo, inda hanyar da ta taso daga Birnin Kebbi ke rabuwa, ɗaya ta nufi Jega, ɗaya ta yi Bunza da Kamba, ba zai daɗe ba zai ga irinsu: Hilux, Prado, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya. Wata an cire mata bambar da ta zo da ita, an maye gurbinta da baƙin bututun ƙarfe lanƙwasasshe, ya tokare gaban fitilu da lagireto. Wata kuma a ƙarƙashin ƙofofinta aka shimfiɗa bututun, ya miƙe daga bayan tayar gaba har zuwa gaban tayar baya. Jama'a kan haɗa su duka biyu su kira su kwalliya, ko kuma su ce mai motar kwarjini yake nema. Amma ƙarafan nan biyu aikinsu ya bambanta, haka ma abin da kowanne ke jawowa.

Ra'ayin wannan sharhi a fili yake. Ƙarfen gefe yana kare mota daga ƙasa da dutse, kuma da wuya ya cuci kowa. Ƙarfen gaba shi ma yana kare mota, sai dai dukan da ya hana ta sha, wani yake miƙa wa, wani lokaci ɗan kabu-kabu, wani lokaci yaro mai talla, wani lokaci ma mutanen da ke zaune cikin motar. Abin takaici, na gaban aka fi rububi a wajen masu walda, alhali na gefen ne ƙasarmu ta fi nema.

A duba ƙasar tukuna. Kowa ya san Gwandu da tarihi, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda hubbarensa yake. To masana duwatsu su ma sun san sunan ta wata fuska, domin da shi suke kiran wani shimfiɗaɗɗen rukunin ƙasa da ya mamaye yammacin yankin Sakkwato da Kebbi: yashi da yumɓu hawa-hawa, sannan marmara mai tama ta rufe saman tuddan nan masu shafaffen kai da matafiyi ke hange daga nesa. Idan ruwan Agusta ya sami irin wannan ƙasa, sai ya kwashe mai laushin ya bar mai taurin. Shi ya sa hanyar burji da aka bi lami lafiya a watan Mayu, kafin ƙarshen damina ta tsage, gefenta ya zube ya zama kwazazzabo, kan marmara ya leƙo a tsakiyarta. In aka gangara fadamar Gulbin Rima kuma, labarin laka ne. Tarakta da Kanta su bi da kaya su bar sawu biyu masu zurfi, da tudu a tsakani. Rani ya zo, lakar ta bushe ta ƙanƙare, tudun nan ya tsaya yana jiran cikin motar da za ta bi.

Kuma dole a bi. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Jihar Kebbi cikin Nuwamban 2015, zirga-zirga ta ƙaru a fadamomi: malaman gona, masu sayen shanshera don kai wa injinan casa na Birnin Kebbi da Argungu, masu kai taki da iri da injin ban-ruwa. Ga ma'aikatan rigakafi da akwatunan sanyinsu, ga masu kai kayan zaɓe, ga injiniyoyin da ke kula da turakun wayar salula. Waɗannan ba sa tsayawa a bakin kwalta. Sai sun ratsa ƙauyukan Kambaza da Dalijan da Malisa a ƙaramar hukumar Gwandu, ko na Diggi da Zuguru a ta Kalgo. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar ta kuma yanke hanyoyi, ta nuna wa kowa yadda hanya kan ɓace cikin dare ɗaya.

A irin wannan tafiya, ina mota ta fi shan duka? Kowane bakanike zai ce ƙasa-ƙasa. Tayoyin gaba su haye tudu su sauka, na baya ba su iso ba tukuna, sai tsakiyar motar ta zauna a kan tudun da dukkan nauyinta. Ko kuma taya ɗaya ta zame cikin rami, motar ta karkata, dokin ƙofa ya daki marmara. Wurin nan kwano ne marar kauri, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Da zarar ya loɓa, ƙofa ta daina rufuwa daidai, ƙura da ruwa su sami hanya, tsatsa ta biyo baya. Mai gyaran jikin mota zai buga ya shafe ya yi fenti, amma wurin ba ya komawa yadda yake, kuma ranar sayar da motar dillali zai sa hannu ya shafa ya rage kuɗi.

Don wannan aka ƙirƙiro ƙarfen gefe. Ya yi suna ne a hannun masu wasan hawan duwatsu da mota a yammacin Amurka, a wurare irin su hanyar Rubicon ta Jihar Kalifoniya, mai tsawon kimanin kilomita 35, inda masu jif ke taruwa duk shekara tun 1953, da kuma jajayen duwatsun Moab a Jihar Yuta. Su don nishaɗi suke yi, mu don neman abinci, amma dabarar ɗaya ce. Ana ɗauko bututu mai ƙwari, a miƙa shi ƙarƙashin dokin ƙofa, a fitar masa da ƙafafu biyu ko uku ko huɗu da za su je su kama shasin motar, wato manyan ƙarafan nan biyu da injin da giya da bodi suke zaune a kai. Idan dutse ya daki bututun, dukan ya wuce kai tsaye zuwa shasi, motar ta goga ta silale ta wuce, bodi bai ji komai ba. Ana barin ɗan rata tsakanin bututun da bodi, domin bodin yana zaune ne a kan robobi, yana motsi dabam da shasi. In aka manne su, duk ramin da aka faɗa sai sun yi ƙara, a ƙarshe ƙarfen da aka sa don kariya shi zai cinye fentin. Wasu maƙera kan buɗa ƙarshen bututun waje kaɗan daf da tayar baya, don ya ture gindin motar daga kututture ko dutse a lokacin shan kwana.

A nan ne masu motoci da yawa ke ruɗuwa. Akwai matakalar da ke zuwa da Prado da Hilux daga kamfani, ko wadda ake saya a kasuwar kayan mota mai walƙiya kamar azurfa. Wannan don taka ƙafa aka yi ta, ta ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Ba za ta ɗauki motar da ta haura tan biyu ba. Hasali ma tana rage tazarar da ke tsakanin mota da ƙasa, kuma in ta sha duka sai ta naɗe sama ta matse dokin ƙofar da ake son karewa. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne: ƙarfen gefe na gaskiya ana iya sa masa dogon jak a ɗaga gefen motar da shi, bai lanƙwashe ba, bai taɓa bodi ba. Wannan kaɗai babbar riba ce ga direban da ya kafe a laka, inda ba shi da wurin cusa jak a ƙarƙashi.

Sai kuma a san irin motar. Hilux da Land Cruiser da Prado suna da shasi dabam, bodi dabam. RAV4 da Highlander da CR-V kuwa, duk da jif ake kiransu a tasha, bodinsu shi ne shasinsu, dunƙule suke wuri guda. Wanda ya kai irin waɗannan wajen mai walda ya ce a liƙa masa bututu a gefe, kwano kawai za a samu a kama, kuma ranar da dutse ya daki bututun, da kwanon zai tafi.

Maganar bututun kansa ma ba ta wasa ba ce. Masu ƙera waɗannan kaya a ƙasashen waje sun fi amfani da bututu mai faɗin kusan milimita 45, kaurin jikinsa milimita 3 ko sama da haka, kuma da injin lanƙwasa suke karya masa kwana don kada ya tsuke. A garejinmu, abin da ya fi sauƙin samu shi ne fayif ɗin ruwa, ko siririn bututun da ake ƙofar gida da rumfa da shi. Na rumfa ba ya jure duka. Na ruwa kuma, mai farin shafen nan da ke hana tsatsa, in wutar walda ta taɓa shi yana fitar da farin hayaƙi da ke sa wa mai shaƙarsa zazzaɓi da ciwon kai da ƙuncin ƙirji bayan 'yan sa'o'i. Yaran shago da yawa kan ɗauka zazzaɓin sauro ne, su sha magani su dawo gobe su sake shaƙa. Maigidan da ke son yaransa zai sa a goge shafen kafin a kunna wuta, a kuma yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa.

Yanzu sai ƙarfen gaba, wanda shi ne mai dogon zance.

Gidansa na asali Ostireliya. Can akwai dazuzzukan da mutum zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita bai ga gida ba, ga dabbar kangaru da ke tsallako hanya da magariba ba sallama. Motar da ta yi karo da ita lagireto ya fashe, ruwa ya tsiyaye, to direba ya shiga uku, domin ƙishirwa na iya kashe shi kafin wani ya biyo hanyar. A wannan hali ƙarfen gaba ceton rai ne. Daga nan sana'ar ta bunƙasa. Kamfanin ARB, wanda kayansa suka karaɗe duniya har da Afirka, wani mutum ne mai suna Tony Brown ya fara shi a 1975 a garejin gidansu a birnin Melbon, bayan ya dawo daga wata doguwar tafiya a arewacin ƙasar, inda ya ga yadda hanya ke kakkarya kayan motocin matafiya, ya kuma taimaka wajen gyara su. Wato mai walda ne shi ma, ya lura da abin da ƙasarsu ke nema, ya ƙera daidai da shi.

Ba za a ce ƙarfen ba shi da amfani a nan ba. Bambar roba da motocin zamani ke zuwa da ita tana saukowa ƙasa sosai, ita ke fara cin ƙasa in za a gangara kwazazzabo ko a fita daga mashigin ruwa. Bambar bututu siririya ce, tana buɗe gaban tayoyi, sai taya ta riski gangare kafin hancin mota ya riske shi. Tana kare lagireto da fitilu daga reshe da kututture. Tana ba da wurin ɗaura injin ja mai igiyar ƙarfe, wanda motar da ta nutse a fadama za ta ɗaure da bishiya ta ja kanta. In an ƙera ta da kyau, takan zo da kunnuwan ja masu kauri da suka kama shasi. Wannan abu ne mai muhimmanci, domin ƙananan ƙugiyoyin da ke ƙarƙashin wasu motoci don ɗaure su a jirgin ruwa aka yi su, ba don fizgo su daga laka ba. Haka ƙwallon jan tirela da ke baya: an sha samun inda ya ɓalle a lokacin fizga, ya tashi da ƙarfin gaske ya kashe mutum. A fadama kuwa, in mota ta kafe, yara da manya ke kewaye ta suna kallo.

To ina matsalar take? Gaban motar zamani da gangan aka yi shi don ya murƙushe. Wani injiniyan kamfanin Mercedes-Benz mai suna Béla Barényi ne ya yi wa dabarar rajista a farkon shekarun 1950, kamfanin ya fitar da mota mai ita a 1959, daga baya kowa ya bi. Hikimar ita ce, a lokacin karo ƙarfin gudu dole ya sami inda zai tafi. In gaban mota ya naɗe sannu-sannu, ya shanye wani kaso, abin da ke isa ga ƙirji da wuyan fasinja ya ragu. Aikin gammo ne tsakanin kai da tulu. Mutane kan ga mota ta yi raga-raga, direba ya fito da ƙafarsa, su ce motocin yanzu ba ƙwari. Allah ne ya kiyaye, amma sababin shi ne wannan murƙushewar. Wanda ya cire sashen da aka yi don ya naɗe, ya walde bututu mai tauri kai tsaye a kan ƙahonnin shasi, ya rage wannan kariya da hannunsa. Ƙaramin karo, motar za ta fito fes. Babban karo, dukan ya zarce cikin shasi ya lanƙwasa shi, ya kuma girgiza na ciki fiye da yadda ya kamata.

Akwai kuma jakar iska. Na'urorin da ke ba ta umarnin fashewa an saita su ne da yadda gaban motar na asali ke karɓar duka, kuma cikin ƙasa da ƙiftawar ido suke yanke hukunci. In aka canza taurin gaban, lissafin na iya rikicewa, jakar ta fito ba a lokacinta ba. Shi ya sa manyan kamfanonin da ke ƙera ƙarfen gaba suke yi wa kowace irin mota nata, da maɗauri na musamman mai naɗewa, su kuma gwada kafin su sayar. Ƙarfen da aka auna da ido a bakin hanya bai bi ta wannan gwaji ba, kome gwanintar wanda ya yi shi.

Nauyi ma abin lissafi ne. Cikakken ƙarfen gaba yakan kai kilo 40 zuwa 80. A ɗora masa injin ja, a haɗa da ƙarafan gefe biyu, ba wuya a doshi kilo 150, wato buhun taki uku da motar za ta riƙa yawo da su dare da rana, galibinsu a rataye can gaban tayoyi. Sifirin ya zauna, shakazoba ta gaji da wuri, hasken fitila ya sunkuya, birki ya ƙara nisa, mai ya ƙara tafiya. In kuma aka toshe gaban lagireto da faranti da manyan fitilu, a zafin Afrilu na Kebbi da kan haura maki 40, allurar zafi za ta ba da labari tun ba a kai Jega ba.

Duk wannan tsakanin mai mota ne da motarsa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ke waje, wanda ba a yi shawara da shi ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Ba sai an gaya wa mutumin Kalgo ko Gwandu su wane ne waɗannan ba. Hanyoyinmu ta tsakiyar gari suke ratsawa. Ranar kasuwa, kwalta ita ce rumfa, ita ce tasha. Ga ɗalibai, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mai mazauni a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga amalanke, ga jakuna, ga almajirai, ga 'yan mata da farantin gyaɗa a ka.

Idan mota mai gaban roba ta bugi babba, takan ɗauke shi ta ƙafa ya faɗo kan murfin injin, wanda shi ma yana loɓawa ya rage zafin dukan. Bututun ƙarfe ba ya loɓawa. Yana tattara ƙarfin karon gaba ɗaya a kan ɗan siririn wuri, a cinya ko ƙugu ko ciki, kuma sau da yawa yakan tunkuɗa mutum gaba ya faɗi a gaban taya. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai kuwa, bututun sama daidai kansa yake ko ƙirjinsa. Masu binciken haɗura a Jami'ar Adeled ta Ostireliya, wato a ƙasar da ta fi kowa son wannan ƙarfe, sun gwada iri-iri, suka tarar na baƙin ƙarfe ya fi gaban motar na asali muni nesa ba kusa ba wajen dukan kai, na roba mai tauri kuma ya fi sauƙi ƙwarai. A haɗa wannan da gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi in gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a sa'a. Direban da ya san gabansa ƙarfe ne, kuma ya san ba abin da zai sami fitilarsa, anya zai ɗaga ƙafa da wuri kamar wanda ke tsoron asara?

Ƙasashe sun ɗauki mataki a kan haka. Tarayyar Turai ta yi doka a 2005 da ta wajabta wa duk ƙarfen gaba da za a sayar ya ci jarrabawar lafiyar mai tafiya a ƙasa, abin da ya kori masu taurin daga kasuwar sababbin kaya. A Disamban 2017 ma'aikatar sufurin hanya ta Indiya ta rubuta wa jihohi cewa a hukunta masu liƙa shi, ta kafa hujja da lafiyar masu tafiya a ƙasa da ta na cikin motar. Indiya kuwa ta fi Turai kama da mu: shanu a hanya, babura ba iyaka, kasuwa a bakin titi.

Wani zai ce, ai saboda dabbobi ne, hanyar Bunza da dare sai ka yi karo da garke. Gaskiya ne akwai wannan. Amma kangarun Ostireliya ba ta da mai ita. Saniyar da ke tsallaka hanya a ƙasar Gwandu dukiyar wani gida ce, ƙila ita ce sadakin wani ko jarin wata, kuma a bayanta akwai yaro da sanda, sanye da tufafin da ba sa haske a duhu. A yankin da ake lallaɓa zaman manoma da makiyaya, motar da ta take dabba ta wuce ba ta ko tsaya ba, domin ba abin da ya same ta, ta bar wa ƙauyen rigimar da ba su san mafarinta ba. Maganin garke a hanya shi ne rage gudu da fitila mai kyau, da barin tafiyar dare in ba ta zama dole ba.

Ya kamata a faɗi wata gaskiyar kuma, cikin ladabi. Kaso mai yawa na motocin da ke ɗauke da wannan ƙarfe ba su san fadama ba. Motocin rakiyar manya ne da na masu hali, daga gida sai ofis sai filin jirgin sama na Ambursa, kwalta zalla. Ranka ya daɗe, motar da ke ratsa taron magoya baya, mutane na rataye da ita ta ko'ina, ita ce ta fi kowace cancantar gaba mai laushi. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jiha suna da bakin magana a nan. Abin da ake fata su bambance motar aikin daji da motar gari, su kuma fito da ƙa'ida bayyananniya da mai walda zai iya bi: kada ƙarfe ya fi motar faɗi, kada ya karkato gaba, kada a bar tsini ko ƙugiya ko bakin faranti a waje, kada ya rufe fitila ko lamba. Hukumomi da ƙungiyoyin agaji da ke sayen motoci da yawa a lokaci guda za su iya fara gyaran tun daga takardar oda.

Masu waldar Birnin Kebbi da Jega da Kalgo da Gwandu kuwa ba abin rainawa ba ne. Mutanen da ke ƙera bodin a-kori-kura da amalanke da injin sussuka, da wutar janareto, ba za su gaza ƙarfen gefe ba in an nuna masu ƙa'idarsa. Galibi mai mota ne ke zuwa da buƙatarsa, yana cewa, Malam, a sa mini mai kauri, wanda ko bango na daka ba zai ji ba. Mai walda nagari zai iya amsawa da tambaya: Alhaji, ina motar take zuwa? In fadama ce, a fara da gefe, a sa faranti a ƙarƙashin injin da tankin mai, a gyara wurin ja. Sannan a kiyaye wasu abubuwa. A cire kan batir kafin a kunna walda, domin kwamfutar motar zamani ba ta jure wutar da ta ɓace hanya. A duba inda bututun mai da na birki da wayoyi suka bi a jikin shasi, galibi nan kusa suke da inda za a yi aikin. Kada a ja walda a gicciye a saman shasi ko ƙasansa, domin daga nan tsaga ke farawa. A sa faranti mai faɗi ya raba nauyin, a yi amfani da ramukan da kamfani ya riga ya huda. Kusoshin ɗauri su zama masu lamba 8.8 ko 10.9 a ka, ba na ƙofar shago ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya ta Aliero suna da sassan injiniya da za su iya shirya wa ƙungiyoyin masu walda gajeren horo, su kuma samar da injin lanƙwasa bututu da kowa zai riƙa zuwa ya yi aiki da shi.

Ɗauri da noti ya fi walda ta dindindin saboda wani dalili da ba a cika tunawa ba. Motar aiki ba ta mutuwa a hannun wanda ya fara sayenta. Hilux ɗin da ta yi shekaru tana kai maganin rigakafi ƙauyuka, wata rana gwanjonta za a yi, ta koma ɗaukar albasa da fasinja tsakanin Aliero da Jega da Birnin Kebbi, kullum cikin cunkoson kasuwa. In da noti aka ɗaura ƙarfen gabanta, sabon mai ita zai kwance shi cikin sa'a guda ya mayar da bambar asali, in an adana ta. In walda ce, sai an sa wuta an yanka, kuma ya wajaba mai saye ya kwanta ƙarƙashinta da tocila ya bi ƙahonnin shasin da ido, ya nemi tsaga ko tsatsa a gefen kowace walda kafin ya biya kuɗi.